Masu Rakiyar Lod Harbottle

Mu da muka daɗe a Scarholme, can bakin teku a arewacin Ingila, mun san Desmond Harbottle tun yana yawon raba takardun jam'iyya gida-gida cikin ruwan sama. Shekara talatin yana yi mata bauta. Sau uku ya tsaya takarar majalisar wakilai, sau uku ya sha ƙasa. Sai ya mai da kwaɗayinsa kan majalisar dattawa, inda ba a roƙon ƙuri'ar kowa. Shugaban jam'iyya ya aika da sunanka, a yafa maka jar alkyabba, a kira ka Lod, ka zauna har mutuwa.

A shekarar da nake ba ku labari, gurbi shida aka ba jam'iyyarsa. Sunan Desmond ne na bakwai.

Wata Lahadi da safe, mutane na coci, ya tuƙa motarsa zuwa fadama, wurin wani tsoho mai suna Enoch Scarle da ke zaune a kangon gidan niƙa. Kowa ya san abin da tsohon yake yi, ba mai faɗa. Ɗakin ya fi waje sanyi. Ƙoƙon kan doki na bisa murhu, busassun kwaɗi na rataye a zare, ga kwalabe jere, cike da ƙusoshi masu tsatsa da gashin mutane. Buta na kan wuta tana tafasa, amma ba tururi ko kaɗan.

"Na bakwai," in ji tsohon tun Desmond bai cire hula ba. "Mugun wuri. Kana jin ƙamshin miya, ba ka da cokali. Za ka sha shayi?"

"Ba shayi ya kawo ni ba. Faɗi abin da kake so."

"Cire hannunka daga aljihu, ba kuɗi nake so ba. Ranar da za a shigar da kai zauren, dattawa biyu za su raka ka, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ba haka al'adarku take ba?"

"Haka ne."

"To, waɗancan na idon jama'a ne. Waɗanda nake yi wa aiki su ma suna son nasu biyun. Rubuta mini suna biyu."

Desmond ya rubuta sunayen abokan hamayyarsa. Tsohon ya duba, ya yi dariya har da tari, ya jefa takardar a wuta.

"Kai, ɗan siyasa! Maƙiyi yana rakiya ne? Waɗanda za su bi ka ba su tambayi ina za a ba, su nake so."

"Me zai same su?"

"Ɗaya zai yi gaba, ɗaya zai tsaya a baya."

"Gaba ina?"

"Shekara talatin kana siyasa. Ka san tambayar da ba a yi idan ana so a ce ba a sani ba."

Kada wani ya ce muku yaudararsa aka yi. Ya gane sarai. Ya daɗe riƙe da alƙalami yana gumi cikin sanyin nan, sannan ya rubuta Lionel, ƙaninsa da ya tuƙa shi duk yaƙin zaɓen da ya faɗi, ya rubuta Maureen, matarsa.

"'Yata Hazel ba ta ciki," ya ce.

"Ban ga sunanta a takarda ba."

Tsohon ya soki babban yatsan Desmond da ƙusa, ya ɗiga jinin a takardar, ya cusa ta a kwalba, ya toshe da jan kaki, ya ɗaga wani dutse a gaban murhu ya binne ta.

Mako uku, na shida a jerin ya sami shanyewar ɓarin jiki ya janye. Desmond ya zama Lod Harbottle na Scarholme. Ranar da aka shigar da shi, Lionel ya rungume shi yana hawaye. "Yaya, ina ma Mama ta ga wannan rana!" Desmond ya kasa kallon idonsa.

Arziki ya zo a guje. Kamfanoni suka riƙa rububin sa sunansa a jerin shugabanninsu, ya sayi gida a Landan, waɗanda da ba sa amsa wayarsa suka koma gayyatarsa cin abinci. Amma abincin bai taɓa yi masa daɗi ba.

Wata na biyu aka tsinci gawar Lionel kwance a lambunsa cikin kabeji, lafiyayyen mutum da ko mura ba ya yi. Daga wurin binne shi Maureen ta daina jerawa da mijinta. Duk inda ya sa ƙafa tana bayansa da taku uku, a kowace ƙofa sai ta tsaya ta rusuna. Magana ta ɗauke mata. Kafin ƙarshen shekara aka kai ta asibitin masu taɓin hankali, ta ƙarasa rayuwarta tana rusuna wa bango.

Hazel, wadda malamar makaranta ce, ta dawo gida don kula da mahaifinta. Wata ranar Asabar za su kasuwa, sai ya lura ta wuce gabansa. Ya ɗaga ƙafa, ta ɗaga. Ya rage, ta rage. Taku uku, ba ƙari ba ragi.

"Hazel, zo nan kusa da ni."

"Ai ina kusa da kai, Baba," ta ce, ba ta ko waiwayo ba.

Ya isa fadama kamar zai tashi sama.

"Ka ce ba ta ciki!"

"Na ce ban ga sunanta ba. Rakiya biyu ce kullum. Na gaba ya faɗi, na kusa ya hau. Kai ba haka ka hau ba?"

"To, na ajiye kujerar. Ba na so."

"Je ka ajiye mana," in ji tsohon, yana zuba shayinsa. "Ba ni na rubuta dokarku ba."

A wancan zamanin babu murabus daga majalisar. Magatakarda ya gaya masa cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, kana iya daina zuwa, amma kujerar taka ce har ranar da za a binne ka."

Ya koma gida ya zaunar da Hazel a kicin, ya faɗa mata komai. Da farko dariya ta yi, ta ce giya ce. Da ta ga ba wasa yake yi ba, dariyar ta tsaya.

"Sunan Mama ka rubuta? Da hannunka?"

"Don in tsare ki ne."

"A'a, Baba. Da tsare ni kake so, da ka tashi ka fita. Kujera ka tsare."

Ta haɗa kayanta ta bar ƙasar, ba ta sake yi masa magana ba. Ya yi murna, har ya roƙi Allah ya ƙara mata ƙinsa, ko ta tsira. Amma bayan wata huɗu wasiƙarta ta zo, layi ɗaya: ta yafe masa. Yana karantawa ya fashe da kuka, don ya san abin da ke tafe. Kwana tara tsakani aka bugo waya, Hazel ta rasu.

Tun daga nan bai bari kowa ya ƙaunace shi ba. Ya kori abokai, ya zagi maƙwabta, ko kare bai ajiye ba. Ya yi ta jiran mutuwa, likitoci kuwa suna yaba ƙarfin zuciyarsa. Shekara talatin ya ƙara yana zaune kan jar kujerar nan. Da aka gyara doka aka yarda da murabus, ya sa hannu a ranar farko, amma babu sauran wanda zai ceta.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kai da kake hangen wata kujera har barci ya ƙaurace maka, ka dubi mutanen da suke bin ka ba su tambayi ina za a ba. Su ne dukiyarka, kuma su za a fara nema.