Kaka a Bakin Dutsen Niƙa

A wani gari an yi wata yarinya wadda iyayenta ke koya mata karatu a gida. Ran nan suka ce yau a waje za a yi darasi. Suka ɗauke ta, da ita da kakarta, zuwa wani ƙauye da aka gina don nuna yadda mutane suka rayu a zamanin da.

Suka ga masaƙa, suka ga maƙera, suka ga dutsen niƙa. Kaka na ganin dutsen sai ta jingine sandarta, ta durƙusa, ta kama niƙa tana rera waƙar marigayiya uwarta.

Wasu yara suka taru suna ta dariya. Ɗayansu ya ce wa yarinyar, "Ke, tsohuwar nan taku ce, ko ita ma abin kallo ce?"

Yarinya ta kau da kai, ta ce, "Ban san ta ba."

To, kunnen Kaka garau yake. Ta katse waƙar, ta kakkaɓe hannu, ta lalubi sandarta.

Da suka koma gida, abin ya hana yarinya sakat. Ta rakuɓe kusa da Kaka, ta ce, "Kaka, koya mini waƙar nan."

Kaka ta shafa kanta, ta ce, "A can na baro ta, ƙawata. Je ki ci tuwonki."