Wadda Na'ura Ta Ƙi

Ku matso nan. Hafsi, sauke ƙafarki daga kan zanena. Wanda ya san zai yi mini fitsarin kwance ya tashi tun yanzu.

Kun san Sagir na gidan mai gyaran rediyo? To, ba haka yake da ba, shiru-shirun nan daga baya ya same shi. Yana shekarar ƙarshe a jami'a abin ya faru.

Akwai manyan littattafan bincike da ba sa buɗuwa sai a kwamfutocin laburare. Ana cikin rububin gama aiki, sai kwamfutocin suka tsiro da wata fitina. Ka danna, sai ɗan akwati ya fito: "Tabbatar kai mutum ne." Ka zaɓi hotunan keke, ka zaɓi na fitilar titi, ya sake dawo da kai farko. Haka ake yini.

Malam Tukur mai kula da kwamfutocin ya ce, "Duk laburaren nan ta ƙofa ɗaya muke shiga intanet. Masu littattafan can suna ganin mutum ɗaya ne ke ta bugun ƙofa ba hutu, shi ya sa suke zargin ba ɗan Adam ba ne. Ku yi haƙuri."

Haƙuri kuwa wanda ya fi buƙatarsa Hansatu ce. Bazawara ce mai 'ya ɗaya, tana jan ƙafar hagu, ba ta magana da kowa. Wannan ce shekarar ƙarshe da makaranta ta ba ta. In ba ta miƙa aikinta ba, kora ce.

Akwai wani mutum mai farar riga da ke zama kusa da Sagir kullum. Ba wanda ya san ajinsu. Rannan ya sunkuyo ya ce, "Malam Sagir, ka lura? Sai matar can ta shigo abin yake rufewa."

Sagir da baki kamar rediyon ubansa, sai ya ɗaga murya. "Jama'a, na'ura fa ba ta ƙarya. A cikinmu akwai wanda ba mutum ba." Ya nuna Hansatu da haɓa.

Aka yi dariya. Wallahi shi wasa ya ɗauka. Amma washegari ba wanda ya zauna a layinta. In ta wuce sai a hau karanta addu'a ƙasa-ƙasa. Wani ya ɗauki hotonta ya watsa a waya, magana ta kai har unguwarsu.

Hansatu ta zo ta tsaya a kan Sagir, idonta jawur.

"Malam, me na yi maka?"

Ya kasa ɗago kai. Daga ranar ba ta sake zuwa ba.

Akwatin nan kuwa bai daina fitowa ba.

Wata rana da almuru kowa ya fita salla, Sagir ya tsaya yana fama. Fanka ta tsaya. Ɗakin ya yi tsit. Mai farar riga yana nan gefensa, yatsunsa na tafiya a kan madannan kwamfuta, amma ko ƙas ba ka ji.

"Na gode, Malam Sagir."

Bakin mutumin yana gefensa. Muryar daga bayan ƙeyarsa ta fito.

"Karatu kawai nake so. Da an tsananta bincike, ni za a gano. Da ka nuna matar can, ka rufa mini asiri."

Sagir ya nemi a'uzubillahi a bakinsa ya rasa. Mutumin ya miƙo yatsa mai sanyi ya taɓa allon kwamfutar. Take duk littattafan suka buɗe.

"Tukwicinka ke nan. Kai ba za ta sake tambayarka ba."

Sagir bai san sanda ya kai bakin titi ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Kuma haka aka yi. Shi kaɗai abin ke buɗe wa, ya gama aikinsa, ana ta ce masa mai sa'a. Abinci ma ya daina shiga cikinsa don kunya da nadama.

Ya nemi gidan su Hansatu. Lokacin miƙa aiki ya riga ya wuce, an cire sunanta. Ya tarar da ita a ƙofar gida tana tsefe wa 'yarta kai. Ya durƙusa yana kuka.

"Baiwar Allah, ki yafe mini. Ƙarya na yi miki."

"Yarinyar nan 'yar aljana suke kiranta a makarantar allo," in ji ta. "Ka koma inda ka faɗa, ka warware."

Ya koma. Ya tsaya tsakiyar laburare, ya rantse da Allah Hansatu mutum ce kamar kowa, shi ya ƙaga. Aka zuba masa ido. Sai wata ta ja kujerarta baya, ta ce wa ƙawarta, "Innalillahi. Shi ma ta taɓa shi."

Saboda haka kada in ji ɗayanku ya zauna ɗakin karatu shi kaɗai da almuru. In kuwa wani ya raɗa muku sunan mutum a kunne, ku haɗiye shi. Hafsi, tofa addu'a ki kashe fitilar.