Kabar da Aka Kwance daga Gawo

Bayan babban fari, wani kamfanin gyaran hanya ya kafa zango kusa da Tarka. Kullum ma'aikatansa na saran itace don dafa kwalta.

A gefen gonar Kaka Dado akwai jerin itatuwan gawo. Su ke tare rairayi kada ya binne gero. Kaka ya ɗaura wa kowanne kaba, don a san yana da mai shi.

Jikanyarsa kuwa, akwai ta da son wasa! Wata rana ta kwance kabar duka, ta tufka igiyar tsalle.

Washegari, da ta taso daga lakwal, wato makaranta, sai ta ji ƙarar gatari. Ta ruga a guje. Ina! Gawo duk sun kwanta. Amma ba ta gaya wa kowa cewa ita ta kwance kabar ba.

Da hadari ya taso, iska ta kwaso rairayi ta rufe shukar Kaka. Ga shi ba sauran iri a rumbu.

Kaka ya kai ƙara, aka taru a ƙofar maigari. Shugaban kamfanin ya ce, "Mu ba mu ga wata kaba ba. In tsohon ya ɗaura, ina take?"

Mutane suka fara yi wa Kaka kallon maƙaryaci. Abin ya yi wa yarinyar zafi. Ta fito da igiyar a hannu.

"Ga ta nan. Ni na kwance. Kaka bai yi ƙarya ba."

"To, kun dai ji!" in ji shugaban.

Mushe Manzo, malamin lakwal, ya miƙe. "Mun ji. Yarinya ta ɗauki laifinta. Kai fa? Kun share daji daga nan har rijiya. Duk ita ta kwance? Ƙasar da ba itace, rairayi ke cinye ta, zafi ya ƙaru."

Shugaban ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya ne," ya ce. "Za mu kawo wa tsoho iri. Za mu dasa itatuwa, motarmu ta yi ta ba su ruwa har su kama."

Haka kuwa aka yi. Ranar dashe, yarinyar ta warware igiyarta, ta ɗaura wa kowane ɗan gawo kabarsa.

Kaka ya dafa kanta. "Kin gani, jikalle? Wanda ya ɓata shi ke gyarawa, ko yaro ne ko kamfani."