Kifin Tsoho Luan

Kwana shida ke nan abinci ba ya wuce mini maƙogwaro, saboda abin da ya sami ɗana Dehai.

Ran Talata da magariba ya sauko daga jirginsa na kamun kifi riƙe da kifin bayu na farko na bana, mai tsawon hannu, bayansa sai sheƙi. Shekara tara yana kai wa surukinsa, Tsoho Luan, kifin farko, kamar kowane mijin 'ya a garin nan. Saboda sabo, ya nufi gidan tsohon. Sai da ya kai tsakiyar hanyar bakin teku ya tuna ai teku ta cinye Tsoho Luan tun hunturu, ko gawarsa ba a gani ba.

Ya tsaya cak. Ba kowa. Sai warin ruɓaɓɓiyar ciyawar teku.

Can ya ji takalmin roba cike da ruwa a bayansa. Caɓal. Caɓal.

"Kai malalacin banza," aka ce ƙasa-ƙasa. "Bana ka makara."

"Baba?"

"Da wa kake tsammani? Miƙo."

Hannun da ya karɓi kifin sanyi ƙalau, fatar ta kumbura ta yi fari fat. Tsohon ya shimfiɗa kifin kan dutse, ya tsuguna, ya hau ci ɗanye. Dehai na jin ƙarar haƙora kan ƙaya.

Tsohon ya cinye gefe ɗaya tas.

Mu nan ko yaro ya san ba a juya kifi wajen ci. Ƙashin ake zarewa a ci na ƙasa. Wanda ya juya kifi, jirgi ya juya.

Tsohon ya ɗago ya dubi Dehai. Ya sa yatsa biyu.

Ya juya shi.

"Jirgin naka, shuɗin nan ne ko?"

Dehai bai san yadda ya iso ƙofata ba, takalmi ƙafa ɗaya.

Tun ranar, duk bayun da na dafa da citta da albasa na ajiye a faranti, kafin in ɗauko shinkafa an juya shi. Matar Dehai ba ta sani ba. Da wane baki zan ce mata ubanta ne? Dehai kuma ya ce lokacin bayu wata guda ne kacal, kuma 'ya'yansa uku ba tsoro za su ci ba. Jibi da asuba zai fita.

Jiya na ɓoye makullin injin jirgin can ƙasan buhun shinkafa. Yau da safe na tarar da shi kan teburi, jiƙe sharkaf, yana warin teku.

Don Allah jama'a, ku da kuka fi ni sani, me zan yi?