Fuskar da Aka Aika Kaduna

Ranar da Rebecca ta fara shigowa shagon hoto, Japheth yana tsugune yana ɗinke labulen baya inda ɓera ya ci. Shagon nawa ne, ni Solomon, kawunsa. Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar fasfo a bakin kasuwar Birnin Gwari, kuma ba a rataye hotona a bango sai in mai shi ya mutu.

A makon nan wani kamfanin fim a Kaduna ya baza sanarwa ta waya: ana neman sababbin fuskoki, a turo hoto daga kafaɗa zuwa sama. Samari suka cika mana shago, kowa yana murtuke fuska kamar wanda shanu suka shiga wa gona.

"Sannu da aiki. Nan ne ake hoton 'yan fim?"

Japheth ya ɗago kai. Allura ta soke shi, ko wash bai ce ba.

"Nan ne ake hoton waɗanda za su zama," ya ce. "Zauna."

Doguwa ce, baƙa, idonta tar. A kuncinta na hagu akwai tabo, ya taso daga gefen ido ya gangaro kusa da leɓe. Japheth ya gyara fitila, ya ce ta ɗan juya.

"In don tabon ne, bar shi," ta ce tana dariya. "Tare muke zuwa ko'ina."

Hoto ɗaya ake so. Arba'in da ɗaya ya ɗauka. Ya ce haske ne bai zauna ba, alhali hasken nan bai motsa daga inda na kafa shi ba tun yana firamare.

Wayarta ƙarama ce mai tocila, ba ta buɗe hoto, don haka ta bar masa aikin turawa, ta bar masa lamba kuma. Da ta fita ya ɗora hoton a kwamfuta ya zuba masa ido. Ni kuwa na zo na tsaya a bayansa da hikimata ta shekara ashirin da biyu.

"Goge shi."

"Kawu, ta ce a bar shi."

"Duk haka suke cewa. Wa ya taɓa dawo maka da hoto don ka ƙara masa kyau? 'Yan mata ɗari za su turo fuska sumul. Kana so a kira ta, ko ba ka so?"

Yana so. Ya shafe tabon har kuncin ya koma kamar ƙwai, ya tura. Bai gaya mata ba.

Kafin ranar tantancewa mako uku ne, a cikinsu kuwa katin waya ya ga ta kansa.

"Mai Hoto, yau ka ɗauki fuska nawa?"

"Goma sha bakwai. Duk sai na ga sun yi kuskure, ba ke ba ce."

"Bakinka da zuma. Ka ci abinci?"

"Na ci, Tauraruwata. In kin yi suna kada ki ce ba ki san wani mai ɗinkin labule ba."

Ranar Lahadi bayan an tashi coci yakan raka ta har bakin rijiyar unguwarsu, ba ya wucewa, saboda Baba Zakka, mahaifinta, ya riga ya faɗi ra'ayinsa. Manomi ne daga wajen Dogon Dawa, ya dawo cikin gari da iyalinsa shekara huɗu da suka wuce, lokacin da zaman ƙauyen ya gagara.

"Fim ba sana'a ba ce," in ji shi. "Mai hoto kuma ba shi da ko kunya ɗaya ta dawa. Hoto za ku dafa?"

Shi Jeffrey yake so ta aura, shugaban mawaƙan coci, mai gona a hanyar Randagi da murya kamar janareta. Da ƙyar ya bar ta zuwa Kadunar, shi ma don Jeffrey zai je gwada tasa sa'ar ne a mota ɗaya.

Suka bi ayarin motocin safe, kowa na addu'a har aka wuce dajin. A can aka tara su a wani zaure, mutum ya fi ɗari. Wata mata mai riƙe da takardu ta kira sunan Rebecca, ta dubi hoton, ta dube ta, ta sake duban hoton.

"Wannan ai ba ke ba ce. Hoton yayarki kika turo mana?"

Zauren ya kwashe da dariya. Rebecca ta karɓi takardar, ta ga wata yarinya mai idonta da hancinta, wadda ba ta taɓa gani ba. Ba ta karanta ko layi ɗaya ba. Ta saki takardar ta fita. Jeffrey ya tsince ta, ya ninke, ya sa a aljihu.

Saƙonta ya iso wayar Japheth muna cin abincin rana.

"Da ka gaya min ba ka iya kallon fuskata, da ban wahalar da kai ba."

Ya kira sau tara, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta: "Beki, ba haka ba ne." Ya rubuta: "Na ji tsoro kada su ƙi ki." Amsa ɗaya ta zo.

"Kai ka fara ƙi na, kafin su."

Kwana biyar bai taɓa kyamara ba. Ni ma na daina kallon inda yake, na duƙufa goge gilashin da ba shi da datti. A rana ta shida mahaifiyar Rebecca ta tsaya a ƙofar shago da kwandon cefane a ka, ba ta shigo ba.

"Kun san abin da kuka yi?" ta ce. "Jeffrey ya kai wa babanta takardar, wai don ya ga irin aikinku. Tun ranar bai ci abincin kirki ba. Ranar da muka gudu daga ƙauye, shi ya goyo ta a babur, ya bi ta cikin daji, ya ci karo da kututture. Shi bai ko ƙuje ba. Shekara huɗu ba ya zama a gefenta na hagu. Yanzu ya ɗauka ita ta roƙa a goge, wai ashe kunyarsa take ji tana ɓoye masa. Ita kuma ta rufe ɗaki, ba ta magana da kowa."

Ta juya ta tafi. Japheth ya miƙe, ya wanko hoton farko, wanda ba a taɓa ba, ya sa a ambulan.

"Kawu, tashi."

"Ni kuma? Ai gwiwata..."

"Tashi, Kawu."

Na tashi. Mun tarar da Baba Zakka a tsakar gida yana gyara ƙotar fartanya. Japheth ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ni ma na durƙusa, gwiwar ta yi ƙara har kaji suka watse.

"Baba, ban zo neman komai ba. Na zo in faɗi abu ɗaya ne. Ba ita ta ce a goge ba. Da bakinta ta ce in bar shi, tare suke zuwa ko'ina. Ni na goge a bayan idonta."

"Ni na sa shi," na ce. Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya.

Dattijon bai ko dube ni ba, abin da ya fi zagi ciwo. Ya karɓi ambulan, ya zaro hoton. Rebecca ce tana dariya, tabon ya lanƙwashe tare da dariyar. Ya daɗe yana kallo.

"Haka ta ce? Tare suke zuwa?"

"Haka na ce, Baba." Tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ba mu san tun yaushe ba. "Ranar da na same shi ka fito da ni da rai. Me zan ji wa kunya?"

Baba Zakka ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna motsi. Ta zo ta zauna kusa da shi a kan tabarma, ta ba shi gefen hagu. Mu kuwa muka zura takalma muka fice, ba wanda ya ce mu gaida gida.

Sai bayan kwana uku wayar Japheth ta yi ƙara.

"Mai Hoto. Ban huce ba."

"Na sani. Zan jira."

"A cikin arba'in da ɗayan nan, wanne ka fi so?"

"Na sha tara. Kin harare ni."

"To ka ajiye shi. Za ka riƙa ganin irinsa."

Fim dai ba a sake kiranta ba, ko da yake Japheth ya tura hoton gaskiyar da doguwar takardar ban haƙuri. Jeffrey ma ba a kira shi ba, abin da ya ɗan sanyaya min rai, Allah ya gafarta min. Yanzu ita ke shirya wasan kwaikwayon matasan coci, kuma ranar da suke wasa benci ba ya isa. Baba Zakka bai sauko da sauri ba. Damina guda Japheth ya yi yana bin sa gona har tafin hannunsa ya yi kanta, tukuna aka ce manyansa su zo. Ni ne manyan. Na sa babbar riga, na yi shiru iyakar iyawata.

An ɗaura auren bayan girbi. Da fasto ya tambayi wanda zai ba da amarya, Baba Zakka ya kamo hannunta ya kawo ta gaba, ya ɗage mayafin da kansa, ya dubi fuskarta sosai a gaban jama'a. Sannan ya juya ga Japheth.

"Ga ta nan. Duka na ba ka. Kada ka rage komai."

"Ba zan rage ba, Baba."

Matan zumunta suka rangaɗa guɗa, Rebecca tana kuka tana dariya. Ubangiji ya albarkaci gidan nan nasu, ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana, ya kuma tsare su daga shawarar kawu. Amin.