Buhunan Tattasan Zuhura

Ranar da aka kai Alasan makwancinsa ko tsabar gero babu a ɗakin matarsa Zuhura, jinya a asibitin Diffa ta lashe komai. Abin da ya bar mata da marayunta shi ne lambun tattasai a bakin kogin Komadugu, shi ma ga shi yana bushewa, don babu kuɗin man injin ban ruwa. 'Yan'uwan miji kuwa, ana watsewa daga sadakar bakwai suka yi ɓatan dabo. Wayyo duniya!

Sai ga Alhaji Mu'awiya, mai ba da bashi da ruwa a ɓoye, ya zo ta'aziyya da ƙaton carbi, yana share idon da ko ɗigon hawaye babu. Tir da wannan fuska! Mutum ne da ke jin ƙamshin gidan makoki tun daga kasuwa.

"'Yata, ga kuɗi jika hamsin, wato sefa dubu hamsin," in ji shi. "Ba shaida, ba zuwa wurin Bulama mai gari, kada a ji sirrinki. Juma'ar farko bayan tsinkar tattasai ki kawo buhu shida. In ranar ta wuce, lambu ya zama nawa... amma haba, me zai sa ta wuce?"

Buhu shida a kan jika hamsin! Ta karɓa tana kuka, don yara na kallonta. Ta yi ban ruwa da zazzaɓi a jikinta, tsutsa ta ci gefe guda, ƙaramin ɗanta ya kwanta ciwo. Har 'yan kunnenta ta sayar kafin buhunan su cika.

Ana gobe biya, maƙwabciyarta Goggo Saliha ta riƙo hannunta. "Zuhura, ba tattasai Alhaji yake so ba, lambun yake so. Ranar da na kai nawa aka ce ya tafi Damagaram, bai dawo ba sai da rana ta wuce, gonata ta tafi. Duk mai bashin da ke gudun shaidu, ki guje shi. Da kin tambaye ni, da asusun matanmu na kai ki. Gobe kada ki je ke kaɗai."

Bayan sallar Juma'a Zuhura ta isa gidan Alhaji da amalanke, ga Bulama da liman a bayanta. Matar gidan ta leƙo. "Ai Alhaji na Damagaram."

Zuhura ta durƙushe tana kuka. "Ya Allah, ka ga marayuna!"

"A sauke kayan a zaurensa, mu ne shaida," in ji Bulama.

Masu dako suka dinga jibga buhunan, ƙurar busasshen tattasai ta turnuƙe zauren. Sai daga bayan tabarmin da aka jingine a lungu aka ji atishawa... aka sake ji! Liman ya yaye tabarmin. Ga Alhajin Damagaram a tsugune, majina har gemu, yau kam hawayen gaske yake yi. Kaico, babban mutum!

"Sannu da hanya, Alhaji," in ji Bulama. "Ka dawo da wuri."

Kafin la'asar matan da ya cuta sun cika ƙofar, jandarmomi suka tafi da shi yana ta atishawa. A kotu aka mayar wa Goggo Saliha gonarta, aka ce uwar kuɗi kawai Zuhura za ta biya. Da ta koma lambu ta tayar da injin Alasan, ta zauna a bakin kwari tana kuka tana hamdala, yaranta na bin ruwan da gudu.