Jiran Tanki Ya Cika

Da almuru abin ya fara, sa'ad da hazo ya gangaro daga dutse ya lulluɓe garin Buea. A gidan Mola Ewusi an zuba kwacoco, abincin gwaza na garin, ana jiran 'yarsa Limunga ta fito. Uwar ta kira sau uku. Shiru. Sai dutse ya faɗo bisa rufin kwano. Aka duba, ba kowa. Wani ya sake faɗowa.

Limunga sana'arta rubuta wa kwamfuta umarni. Uban bai taɓa kiran wannan aiki ba, wasa yake ce masa. A makon nan ta rubuta wani ɗan shiri saboda tankin ruwan gidan: ya yi ta kewayawa yana sauraro, in na'urar bakin tanki ta aiko cewa ya cika, ya kashe injin jan ruwan. Ta ce wa shirin ya jira. Ba ta yanka masa wa'adi ba.

Da suka shiga ɗakinta, suka same ta zaune gaban kwamfutar, ido buɗe, ba ta amsawa. Mola Ewusi ya rufe murfin kwamfutar da fushi. Numfashinta ya ɗauke. Da sauri ya buɗe, numfashin ya dawo.

Kwana uku haka. Ba ci, ba sha. Uwar ta yi lallashi, uban ya yi faɗa, duk maganar ta shige kamar an jefa ta rijiya. Kowane almuru jifa.

Aka ɗauko Iya Namondo, tsohuwa mai magani, wadda ta yi shekara ashirin tana haɗa layi a ofishin waya kafin ta gaji aikin kakarta. Ta zauna ta daɗe tana kallon yarinyar.

"Wa ke ciki?"

Wata murya ta fito daga bakin yarinyar, mai kauri kamar ta ƙato mai mura. "Wucewa nake. Na ga da'ira tana juyawa cikin kwamfutar, na leƙa. Aka ce jira. Ƙofar fita ɗaya ce, ta ƙi buɗuwa."

"Jiran me?"

"Tanki ya ce ya cika."

"To jifan fa?"

"Ko wani zai tashi ya duba tankin. Kwana uku ina nuna muku, kuna ta ƙona turare."

Iya Namondo ta juya. "Mola, ina wayar da ke bakin tanki?"

Ya kawar da kai. "Na ɗaure ƙofar kaji da ita."

"Sannu, injiniya."

Muryar ta ce, "A ba ni farar akuya ladan zama."

"Wa ya gayyace ka? Ƙofa za a buɗe maka. Kuma ba za a ƙara sa kowa jira a gidan nan ba wa'adi."

 Muryar ta ce, "Na yarda. Tsohon ya yi sauri."

Famfon unguwa ba ruwa. Mola Ewusi ya kwance wayar ya mayar inda take, ya ɗauki bokiti zuwa ƙorama. Ya ƙi a taimake shi. Ya hau tsani ya juye, ya sauko, ya koma, yana ƙunƙuni. Sai almurun washegari ruwa ya taɓa na'urar. Labulen ɗakin ya ɗaga ba iska. Ba a ƙara jin jifa ba.

Limunga ta ƙifta ido. Sai ta shiga amsa duk abin da aka faɗa mata a kwanakin nan, ɗaya bayan ɗaya, yadda suka zo.

"Na'am, Mama, ina zuwa. A ajiye min nawa. Ba iskanci nake ba, Baba. A'a, ba saurayi ba ne. Ki daina kuka, Mama."

Ta dubi uban, yana tsaye a jiƙe da bokiti a hannu.

"Wannan da ka faɗa min a kunne da ba kowa a ɗakin, cewa aikina aiki ne, na ji. Maimaita gaban Mama."

Mola Ewusi ya ajiye bokitin.

"Kaji sun fita," in ji shi, ya yi waje.